Mun tono tukunya a gona, dillali ya zo saye: me doka ta ce kan kayan tarihi a ƙasar Katsina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni manomi ne a ƙasar Mani. Makon jiya muna haƙar ƙasar gini a gefen gonarmu ta gado, sai diga ta ci karo da wata babbar tukunya a kife. Da muka ɗaga ta, muka ga ƙasusuwa da duwatsun wuya da wasu mundaye da suka yi tsanwa. Ba a yi kwana uku ba wani mutum ya zo a kan babur ya ce zai saya. Yayana ya ce mu sayar mu yi shiru, don in hukuma ta ji za ta ƙwace gonar. Waɗanne wurare ne doka ta kare a nan Katsina, kuma gonarmu tana ciki? Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah Ya saka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin ka miƙa hannu. Yawanci sai an gama ciniki, mai babur ya yi nisa, sannan labari yake iso mu masu aikin binciken kayan tarihi, a lokacin kuwa aikin gama ya gama.

A taƙaice: kada ka sayar, kada a ƙara sara ko ɗaya a ramin, kada a wanke komai, kuma a kai rahoto. Gona ba ta fita hannun mai ita don ya faɗi abin da ya gani. Amma tunda yayanka ne ya kawo maganar, kuma ba a tunkarar babba da "an ce", bari in warware maka zare da abawa domin ka samu abin da za ka faɗa masa cikin ladabi.

Dokar da ke aiki a kan wannan al'amari ta tarayya ce, doka mai lamba 77 ta shekarar 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM. Ba ita ce ta farko ba. Tun 1953 Turawa suka yi dokar kayan tarihi, a 1974 aka ƙara wadda ta hana cinikinsu, sai ta 1979 ta haɗe su wuri guda. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne kariyar da dokar take bayarwa hawa biyu ce. Kowa ya san hawa na farko. Na biyun ne ya shafe ka.

Hawa na farko shi ne wuraren da aka ayyana da sunansu, aka buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, cewa sun zama wuraren tarihi na ƙasa. Shekara da shekaru adadinsu a duk Nijeriya yana tsaye a kan 65, ka ga ba abu ne da ake yi kullum ba. A ƙasar Katsina akwai uku da duk ɗan makaranta ya kamata ya iya lissafa su. Akwai Hasumiyar Gobarau a tsakiyar birni, ginin ƙasa mai tsawon kusan mita 15, ragowar tsohon masallacin Juma'a da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau da zuwan Shehu Magili a ƙarshen ƙarni na 15. Akwai tsohuwar Kwalejin Katsina a Rafukka, wadda aka gina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. Nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin a ɗauke makarantar zuwa Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Barewa. Yanzu ginin shi ne gidan tarihi na ƙasa da ke Katsina, kuma ka riƙe wannan, don can zan tura ka. Na uku maƙwabcinka ne, Durɓi ta Kusheyi, kimanin kilomita 32 gabas da birni, a cikin ƙaramar hukumarku ta Mani. A 1959 aka ayyana tuddan kaburburan da ke can tare da Kukar Katsi.

Irin waɗannan wurare, wanda ya rushe su da gangan, ko ya ɓata su, ko ya sauya musu kama, ko ya yi tono a cikinsu ba da izinin hukumar a rubuce ba, doka ta ce tarar naira 1,000 ko ninki biyu na darajar abin, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun. Ko allon da aka kafa ko shingen da aka zagaye wurin da shi ka cire, laifi ne mai zaman kansa. In gonarku ba a cikin shacin waɗancan tuddai take ba, to ba ta cikin wannan rukuni.

Sai hawa na biyu. Dokar ta fassara abin da take nufi da kayan tarihi, kuma fassarar tana da faɗi ƙwarai. Duk abin da aka tono wanda ke ba da labarin mutanen da suka shuɗe yana ciki, har da ita kanta ƙasar da aka same shi. Duk wata alama ta tsohon mazauni, kufai ke nan, tana ciki. Sannan aikin hannu na gida, kamar sassaƙa, mutum-mutumin yumɓu, ƙofa, tambari, takobi, sulke, kayan sarauta, kayan ado, har da rubutun hannu, muddin an yi shi kafin 1918, ko kuma yana da daraja ta tarihi kuma an yi amfani da shi a wani bikin gargajiya. Wato tsohon kundin kakanka da ke cikin gafaka, in ya girmi 1918, doka ta san da zamansa ko da ba a taɓa rubuta sunansa a ko'ina ba. Tukunyarka da mundayenta ba sa bukatar gazet. Daga ranar da diga ta taɓa su suka shiga ƙarƙashin doka.

Abu uku dokar ta ɗora a kan wanda ke matsayinka. Wanda ya ci karo da irin wannan abu ba da niyyar nema ba, ya sanar cikin kwana 7, ga hukumar da kuma sakataren ƙaramar hukumar da aka yi gamon, ya faɗi wurin da yadda aka yi. Babu mai izinin yin haƙa don neman kayan tarihi sai da takardar hukumar da amincewar gwamnatin jiha, ko da kuwa a gonar ubansa ne. Haƙar da kuka yi ta farko ba laifi ba ce, ƙasar gini kuke nema. Amma in kuka koma gobe da nufin ganin ko akwai wata tukunyar, hukuncin ya canja. Na uku shi ne ciniki: haramun ne a sayar wa kowa in ba wakilin da hukuma ta amince da shi ba, kuma haramun ne wani ya saya in ba shi ba. Nan ne dokar ta fi zafi, tarar naira 2,000 ko ninki biyar na darajar kayan, ko ɗaurin shekara 3, sannan a ƙwace kayan. Ka lura mai sayarwa da mai saye igiya ɗaya ta ɗaure su. Bambancin kawai shi mai babur ba ka san gidansu ba, kai kuwa gonarka ba ta tashi.

To mu zo kan tsoron Yaya. Ba tsoron banza ba ne, talaka ya ga abubuwa a kan ƙasa, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma a wannan doka kai rahoto ba ya mayar da gona ta gwamnati. Kafin wuri ya zama na ƙasa sai an buga sanarwa a gazet na tarayya da na jiha, an miƙa wa mai wurin kwafi, an ba shi lokaci ya kawo ƙorafinsa, sannan magana ta hau sama a sa hannu. In an ayyana kuma darajar wurin ta ragu a sanadin haka, dokar ta ba shi damar neman diyya. Abin da aka saba yi a irin naku bai kai nan ba. Ma'aikata su zo su duba, su ɗauki hoto, su auna, su kwashe abin da ya riga ya fito. In sun ga wurin ya cancanci bincike sai su nemi izininku da na mai gari, su yi 'yan makonni da rani lokacin da babu shuka, su mayar da ƙasa, damina ta faɗi ku yi huɗarku. Sau da yawa ma yaran gidan ake ɗauka aikin kwasar ƙasa da tankaɗe, a biya su. Ni dai ban taɓa ganin an kama wanda ya kai kansa ba, ko da kwana bakwai ɗin sun ɗan gota.

Na san abin da ke ranka game da tarar nan. A 1979 naira ta fi dala daraja, naira 2,000 dukiya ce. Yau naira 500 da dokar ta yanka wa wanda ya ɓoye gamo ba ta sayen tiyar gero. Wannan babban rauni ne, kuma mu da ke cikin aikin mun daɗe muna kukan a gyara. Saboda haka ba zan tsaya ina razana ka da tara ba, duk da cewa ɗaurin yana nan daram bai tsufa ba. Dalilin da ya fi ƙarfi yana nan kusa da kai, a Durɓi.

Sau biyu aka yi babban tono a can. Na farko a 1907, wani jami'in Turawan mulki mai suna Palmer, wanda daga baya ya riƙe Arewa baki ɗaya, ya sa aka buɗe wasu daga cikin tuddan a zamanin Sarki Dikko. An sami tukwane da kayan ƙarfe. Ina suke yau? Sun ɓace, kuma ba a bar hotonsu ko zanensu ba. An buɗe kabarin manya, an kwashe, an tashi a tutar babu. Na biyu a 1992, ƙarƙashin wani masani Bajamushe, Dierk Lange na jami'ar Bayreuth, tare da hukumar gidajen tarihi. A wannan karon an bi ƙa'ida. An sami mundayen hauren giwa, duwatsun ado, kuɗin wuri, kayan tagulla, 'yan kunne na zinare, da wata tasa ta ƙarfe irin aikin Masar na zamanin sarakunanta da ake kira Mamluk. A 2007 aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su aka yi musu gwaje-gwaje, a 2014 suka dawo Katsina. Gwajin ya nuna kaburburan sun faɗo tsakanin ƙarni na 13 da na 16.

Dubi abin da wannan ya ba mu. Da can labarin Durɓawa, sarakunan farko na Katsina, daga Kumayo har zuwa Sanau da Korau ya kayar a kokawa ya yanka, a bakin maroƙa da tsofaffi yake, wani ya yarda wani ya ce tatsuniya ce. Yanzu ga shaida a hannu cewa a wannan yanki naku an yi masu mulki da dukiyarsu ta kai a binne su da zinare, kuma fataucinsu ya kai inda tasar Masar da kuɗin wuri na tekun Indiya suke iso su, ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya san hanyar nan. Da a ce wani mai babur ne ya sayi tasar nan a ɓoye, da yanzu tana kan kantar wani attajiri a Turai da 'yar takarda an rubuta "daga Masar". Ba wanda zai taɓa sanin ta kwana a ƙasar Mani. Tasa irinta akwai su da yawa a duniya. Abin da babu irinsa shi ne an same ta a Durɓi, a cikin kabari kaza, kusa da abu kaza, a zurfi kaza.

Shi ya sa in ka ga muna aiki sai ka ɗauka wasa muke. Mukan ja igiya a kan turaku mu fitar da murabba'i, mita biyu ta kowane gefe, mu riƙa kankare ƙasa da ƙaramin cokalin magina da buroshi, wani lokaci yini guda ba a sauka taƙi ɗaya ba. Duk ƙasar da ta fito sai ta bi ta rariya. Ƙasa hawa-hawa take kwanciya kamar tabarmi da aka jibga, na ƙasa ya riga na sama, kuma kowane hawa da launinsa: nan toka, nan jar ƙasa, nan daɓen ɗaki. Ɗan gawayin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, wanda kai za ka hure, shi muke ɗauka da hantsaki mu naɗe. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari, kabon 14, wanda ke raguwa da rabi duk shekara 5,730 bayan mutuwarsa, to da ragowar ake lissafa shekarun itacen da ya zama gawayin. Amma lissafin ba ya amfanar tukunya sai an tabbatar gawayin da tukunyar hawa ɗaya suka kwanta. Da zarar diga da shebur sun cakuɗa su, babu malamin da zai iya raba su. Tsingaro, kashin maƙera, dutsen niƙa, gatarin aradu da yara ke tsinta a gona bayan ruwa, duk haka suke. Gatarin aradun nan ma ba aradu ce ta jefo shi ba, mutane ne suka wasa dutse kafin a san ƙarfe.

Game da mai babur, ba shi ne mai sayen ba. Ɗan aike ne na wani, shi ma wanin yana da na gaba da shi, har a dangana da kan iyaka. Sunan Katsina sananne ne a kasuwar kayan sata ta duniya. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar da jan jerin kayan Afirka da aka fi wawashewa, kuma mutum-mutumin yumɓu na Nok da na Sakkwato da na Katsina suna ciki. Abin takaicin shi ne waɗanda ake kira na Katsina kusan duk ta hannun 'yan tono suka fita, shi ya sa ga su birjik a kundayen masu gwanjo a Turai, amma garuruwan da suka yi su da yadda suka rayu an bar mu da hasashe.

Na taɓa zuwa wani ƙauye, ba zan faɗi sunansa ba, bayan labari ya iso mu a makare. Wani dattijo ya tono kan mutum na yumɓu yana haƙar rijiya, ya sayar a kan abin da bai kai kuɗin buhu biyu na gero ba. Sati bai zagayo ba sai ga baƙi da diga, wasu har da injin neman zinare, suna ba yaran gari 'yan kuɗi. Da muka isa, gonar ta zama kamar an yi sakiya, rami na bin rami, an juyo jar ƙasar ƙasa ta hau kan ta noma, tsingaro warwatse ko'ina kamar an fasa kasuwar tukwane. Dattijon ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ni da aka ce gwamnati za ta ƙwace, ga shi ba ta zo ba kuma ba ni da gonar." A shekarar bai yi shuka a wajen ba. Wannan shi ne abin da nake so ka faɗa wa Yaya. Shirun da yake nema ba ya samuwa ta hanyar sayarwa, don wanda ya saya sau ɗaya ya san akwai saura.

Akwai kuma masu cewa irin waɗannan abubuwa gumaka ne, a farfasa. Wanda ya ajiye abu a gidan tarihi ba bauta masa yake ba, shaida yake adanawa ta yadda mutanen da suka riga mu suka zauna, har da yadda Musulunci ya same su. Su kuma masu cewa tukunyar aljanu ce sai an yi yanka kafin a taɓa, galibi ka bincika za ka tarar suna da wanda za su kawo ya "ɗauke muku" ita.

Tunda ka tambayi wuraren da aka kare, bari in ɗan ratse, don abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Takardar gazet ba ta tare ruwan sama. Ginin ƙasa rai gare shi, abincinsa yaɓe. Magabata sun san haka, shi ya sa duk shekara bayan damina ake fitowa gayya, ga Sarkin Magina da mutanensa, a kwaɓa ƙasa da ciyawa, a shafe da makuba, rufin soro a bi shi da laso, a gyara indararo don kada ruwa ya kwanta. In an shekara biyar ba a yi ba, tsaga ta buɗe, ruwa ya shiga, azara ta ruɓe, gara ta samu gida. Sai wani mai kyakkyawar niyya ya zo ya ce a shafe da siminti a huta. Nan ne ake kashe ginin. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, siminti kuwa ya toshe shi, danshin ya taru a ciki yana cin tubali a ɓoye. Daga waje sumul, ranar da zai zube kuwa gaba ɗaya zai sulluɓo kamar ɓawon rogo. Wanda ke son taimakon Gobarau ko tsohuwar Kwaleji, magina na gargajiya zai nema, kuma da sanin hukuma, don sauya kamar wurin ko da sunan gyara ne laifi ne a dokar.

Ganuwa kuwa ba ruwa ne ya fi cin ta ba, mu ne. Lokacin da Barth, Baturen da ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayenta ya kai mil 13. Yau ka tashi daga Ƙofar Ƙaura ka bi ta Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar 'Yanɗaka da Lugga ya shigo ta cikinta a 1903, Ƙofar Guga, ka zagayo Ƙofar Sauri da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa, ka ƙirga inda za ka ga tudun ganuwa na asali. Wani wuri an ɗebe ƙasar an yi tubali, wani an yanka fuloti, wani ya zama juji. Ƙofofin suna nan da sunayensu, an sake gina su da zamani, sun yi kyau a hoto, amma ƙofa ba ganuwa alama ce kawai ta inda abu ya taɓa zama. Kowa kwando ɗaya ya ɗiba, kuma kowa ya ce nasa ba zai rage komai ba. Ka kwatanta da rijiyar Kusugu a Daura. Abin da ya tsare ta tun kafin a san wata doka shi ne masarauta da mutanen gari sun ɗauke ta tasu, labarin Bayajida da Daurama da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a yana bakin kowane yaro, baƙo ya zo a kai shi ya sha ruwan. Ba wanda zai je can da shebur. Haka kabarin Wali Ɗan Marina da na Ɗan Masani a cikin birni. A ganina doka tana biye da wannan ne, ba ita ke gaba ba.

Mu koma gonarka. Yau ɗin nan, kafin komai, ka ɗauki hoton ramin da wayarka ta kowane gefe, ka ajiye wani abu da aka san girmansa a gefe, ko fartanya ko takalmi, don a gane zurfi da faɗi. In wayar tana nuna lambobin wuri a taswira, ka adana su. Abin da ke cikin ramin har yanzu a bar shi yadda yake. A rufe da buhu ko tabarma, a zuba ƙasa mai laushi sama-sama, a ɗora ƙaya saboda awaki da yara. Hotunan kuma su tsaya a wayarka, kada su shiga Facebook ko WhatsApp, don masu tono sun fi ma'aikata saurin ganin irin wannan.

Abin da kuka riga kuka fitar, kada ruwa ya taɓa shi. Na san hannu yana ƙaiƙayi a ga ko munduwar zinare ce. Ba zinare ba ce, zinare ba ya tsanwa, wannan tagulla ce ko jan ƙarfe. Kuma tsanwar nan ita ke riƙe da ita, wani lokaci har da ɗan zaren tufafin da aka binne mutumin da shi a manne a jiki, don gishirin tagulla yana hana zare ruɓewa. In aka sa toka da lemun tsami aka goge, an goge wannan duka, wata ma ta ɓare a hannu. Tukunyar ma kada a kankare cikinta, daga ɗan abin da ya kama a gindi ake gane ko gero aka dafa ko dawa. Kowane abu a naɗe shi daban a takarda ko tsumma mai tsabta, ba leda ba, leda tana tara gumi. Duwatsun wuya a zuba su a gwangwani mai murfi, kada a ba yara, kada uwargida ta shirya su a zare. A sa duka a kwali a ɗaki mai inuwa inda ba ya yoyo.

Ƙasusuwan kuwa na ɗan Adam ne, ko wane ne shi, ko wane addini ya yi. A lulluɓe su, kada a riƙa kiran mutane kallo. In ma'aikata sun zo za a yi shawara da ku da limami da mai gari kan yadda za a yi da su bayan an gama dubawa. In kuma akwai wata alama da ta sa kuka yi zargin gawar ba tsohuwa ba ce, misali tufafin zamani ko roba, to wannan ba namu ba ne, na 'yan sanda ne, a sanar da su nan take.

Sannan rahoto. Ka fara da mai unguwa ko mai gari, ku tafi tare da Yaya don kada ya ji an tsallake shi, magana ta kai ga hakimi. Wannan ba dokar ce ta ce ba, amma shi ne zai tsare gonar da dare, kuma shi ne shaidarka. Daga nan a rubuta 'yar takarda, ko da Hausa ce, zuwa ga sakataren ƙaramar hukuma: ranar da aka samu, wurin, abin da aka gani. A yi kwafi biyu, a buga maka hatimi a kan naka. Sai ka shiga mota zuwa Katsina, ka nemi gidan tarihi na Rafukka, ka ce kana son ganin shugaban wurin, ka nuna hotuna. Kayan su zauna a gida tukuna, hanya da kwandon babur suna fasa abin da ya shekara ɗari biyar lafiya a ƙasa. Akwai kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, ita ma ana sanar da ita. Duk wanda ya zo karɓar kaya ya nuna katin aiki, a lissafa su ɗaya bayan ɗaya a rubuce a gaban mai gari, kowa ya sa hannu, kuma ka nemi a rubuta sunanka a matsayin wanda ya samo. In ba su zo da wuri ba, kada ka yi mamaki, ma'aikatan kaɗan ne kuma abin hawa yana ba su wahala. Ka sake komawa, takardarka mai hatimi tana aljihu.

In mai babur ya dawo, kuma zai dawo, ba sai an yi hayaniya ba. Ka ce masa magana tana hannun mai gari da hakimi, in yana so ya same su can, ka kuma dubi lambar babur ɗin da kyau. Ƙasar ginin kuma a ɗebo ta daga wani gefen, nesa da ramin da kamar taku hamsin, kuma in can ma tsingaro ya fara fitowa da yawa, a dakata a ƙara wa takardar layi ɗaya.